Daga Ramukan Jassasiya Zuwa Teburin Iyali: Tarihin Darar Haɗin Gwiwa a Doha da Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin wani sabon reshe na dangin dara, wanda iyali ke zama su yi a matsayin ƙungiya ɗaya, su shiga wata duniyar almara, su tsira tare ko su faɗi tare. An ɗauki Doha, babban birnin Katar, a matsayin fagen nazari, aka kwatanta da ƙasar Hausa. Hujjar maƙalar ita ce, a wuraren biyu, dara da tatsuniya sun daɗe a gida ɗaya ba tare da sun haɗa shimfiɗa ba, kuma sabon wasan aure ne da aka ɗaura musu a wata ƙasa.

Darar maza

A gaɓar teku ta arewa maso gabashin Katar akwai wasu ƙananan duwatsun farar ƙasa da ake kira Jassasiya. An gano sassaƙen da ke kansu a 1957, kuma a 1974 masana daga Denmak suka ƙidaya kusan 900. Wasu siffar jiragen ruwa ne masu matuƙa, kamar an leƙo su daga sama. Da yawa kuwa ramuka ne jere, sahu biyu, bakwai-bakwai. Duk Bahaushen da ya gan su gurbin dara zai faɗo masa a rai, kuma wannan ita ce fassarar da ta fi yaɗuwa: cewa gidajen wasan nan ne na zuba 'ya'ya rami-rami, wanda mutanen Tekun Fasha ke kira halusa. Masana sun saɓa kan shekarun sassaƙen, wasu ma na ganin an yi ramukan ne don tantance lu'ulu'u. Ko da wace fassara aka ɗauka, dutsen ya haɗa abubuwa biyu da suka cika rayuwar mazan wannan gaɓa: jirgi da zaman jira.

Wasan da ya wanzu a bainar jama'a har yau shi ne dama. Allonta gida 64 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16, ana tafiya gaba da gefe, ba a karkace ba. A kasuwar Suk Wakif ta Doha, wadda aka sake ginawa bisa tsohon fasali bayan gobarar 2003, an keɓe majalisa guda domin dama, inda dattawa ke zama da shayi da gahawa. Mutum biyu ke kara wa juna, sauran suna kallo suna tsoma baki.

Wannan hoton ba baƙo ba ne a Kano ko Maraɗi. Darar Hausawa ta gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wani da tsinke wani da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa guda, wasa ce ta maza manya a gindin bishiya ko bakin kasuwa, galibi da rani bayan an kau da amfanin gona. Ba a san ta a tsakar gida ba. Magidanci ba ya buga dara da matarsa, balle da ɗansa. Kunya da girma sun hana. Ludo da karta, waɗanda suka shigo da zamanin Turawa, sun kutsa cikin gidaje, mata da yara suka karɓe su, amma ginshiƙin bai sauya ba: dole wani ya ci, wani a cinye shi.

Akwai kuma idon malamai. Hadisi ya yi hani mai tsanani ga nardu, wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan kowane almajirin zaure a ƙasar Hausa ya ratsa, ta haɗa nardu da shaɗaranji ta hana. Malaman Hanbaliyya, mazhabar da Katar ke bi, ba su fi Malikiyya sassauci a nan ba. Dalilan da aka saba kawowa uku ne: caca, shagala daga salla, da gaba tsakanin masu wasa. Ya kamata a riƙe na ukun, domin shi ne darar haɗin gwiwa za ta zo ta taɓa.

Duniyar dare

Almara tana wani ɓangaren gidan. A Katar ana kiran tatsuniyoyi hazawi, kuma kamar a ƙasar Hausa, tsofaffin mata ne ke ba yara su da dare. Akwai Bu Darya, dodon teku mai rabin jikin mutum rabin kifi, wanda ke sace masu jirgi cikin duhu. Akwai labarin Mai da Gilan daga garin Alkor, inda wata mace mai jiragen lu'ulu'u ta riƙa tsere wa wani namiji, har ya lura da fiffiken fara ya ƙirƙiro zanen da iska ke tura jirgi da shi. A wajen Hausawa kuma ga Gizo da Ƙoƙi, ga Dodo, ga 'yar bora da ke bin hanya tana gamuwa da abubuwan al'ajabi. Da boko ya zo, littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 suka bi wannan turba: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara duk tafiye-tafiye ne cikin ƙasashen aljannu. A zaman tatsuniya babu mai ci, babu wanda aka cinye. Kowa yana bayan jarumi. Sai dai masu sauraro ba su da hannu a abin da zai same shi.

Haɗin gwiwa na gaske yana wurin aiki. Ƙididdigar da Baturen nan Lorimer ya buga a 1908 ta nuna Katar tana da jiragen lu'ulu'u 817 da ma'aikata kusan 13,000. Jirgi yakan yi wata huɗu a teku da bazara. Kowa da aikinsa: nahuda shugaba ne, gais shi ke nutso, saib shi ke riƙe da igiyar da ran mai nutso ke rataye a kanta, nahham kuma yana waƙa don kada gwiwa ta yi sanyi. In saib ya yi gyangyaɗi, gais ya halaka. Bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliya ba: bashi ya ɗaure yawancin masu nutso, da dama daga cikinsu bayi ne 'yan asalin Afirka, kuma sai a 1952 aka soke bauta a Katar, tarihin da gidan Bin Jalmud a unguwar Mushairib ke nunawa tun 2015. Amma fasalin aikin, wato mutane kaɗan, kowa da baiwarsa, abokin gaba kuma teku ne da lokaci, shi ne ainihin fasalin wasan da zai zo daga baya. Takwaransa a ƙasar Hausa shi ne gayya da farauta, a fagen wasa kuma langa, inda ƙungiya ke kare mutum guda, wato ruwa, har ya kai gida.

Inda aka ɗaura auren

A 1972 wani malamin makaranta a Kanada, Jim Deacove, ya kafa kamfanin Family Pastimes, wanda bai buga komai ba sai wasannin da babu hamayya a cikinsu. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, mayaƙi ko boka ko ɓarawo, suna yanke shawarar abin da za a yi. Tatsuniya ce da aka miƙa wa masu sauraro linzaminta. Sai dai dokokinta littattafai ne, zama ɗaya kuma yakan cinye dare.

Jamusawa ne suka sauƙaƙa al'amarin. Ƙasa ce da ta ɗauki wasan iyali da muhimmanci, har tana ba da lambar wasan shekara tun 1979. A 1986 kamfanin HABA ya fitar da Obstgarten, inda yara ke haɗuwa su tsinke 'ya'yan itace kafin hankaka ya iso. A 2000 Reiner Knizia ya mayar da littafin Tolkien, The Lord of the Rings, wasan allo, ya kuma warware babbar matsalar: wa zai zama mugu in kowa na gefe ɗaya? Amsarsa ita ce kwalin da kansa. Katunan da ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya su ke matso da abokin gaba. Matt Leacock ya gyara wannan dabara a Pandemic a 2008, sannan ya rage mata nauyi domin iyali a Forbidden Island a 2010. A nan tsibiri ne mai gida 24 yana nutsewa, mutum biyu zuwa huɗu na neman taskoki huɗu cikin kamar rabin awa, kowa da baiwarsa. Akwai matuƙin jirgin sama, akwai injiniya, akwai kuma mai nutso. In aka bar mutum ɗaya a baya ya nutse, kowa ya faɗi. Jikan saib ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan doka. Forbidden Desert na 2013 ya kai labarin hamada, inda guguwar rairayi ke binne hanya, ruwan gora kuma yana ƙarewa. A 2020 Inka da Markus Brand suka fitar da Andor Junior, inda yara 'yan shekara bakwai zuwa sama ke ceto 'ya'yan kyarkeci kafin dodo mai fiffike ya isa birni.

Doha ta koma ɗaki

Kafin waɗannan kwalaye su iso, Doha ta riga ta zama wani gari. Lu'ulu'un da Japanawa suka koyi nomawa ya karya kasuwar nutso a shekarun 1930, aka fara fitar da man fetur a 1949, aka sami 'yancin kai a 1971. Yau mutanen ƙasar sun kai kimanin miliyan uku, 'yan asali kuma tsiraru ne a cikinsu. Unguwar da yara ke wasa a rariya ta ba da wuri ga gidaje masu katanga da benaye masu na'urar sanyi, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Iyalin baƙo, Ba'indiye ne ko Bamisre ko Bahaushe ma'aikacin asibiti ko jami'a, ba shi da kaka a kusa da za ta yi tatsuniya, ba shi da gindin bishiya. Uba da uwa da 'ya'ya ne a falo ɗaya, abokin hamayyarsu kuma wayar hannu. A irin wannan falon ne wasan da babu wanda ke kayar da wani ya sami gurbi, domin uba zai iya zama da ɗansa ba tare da ɗayansu ya ji kunyar an cinye shi ba.

Wannan bai share tambayoyin malamai duka ba. Gaba ta ragu, caca ba ta da mashiga tun da babu wanda zai karɓi kuɗin wani, wasu wasannin ma, irin na Leacock, babu ƙwayar jefawa a cikinsu. Amma shagala tana nan, sannan ga sabon batu: bokaye da tsafi da 'yan gumakan roba da ke cike da almarar Turawa. Fatawoyin da aka bayar kan katunan Pokémon a Saudiyya da Katar a 2001 sun nuna cewa abin da ke cikin kwali ba ya wucewa ba bincike.

Wasan yana da nasa aibin na cikin gida. Tun da shawara ake yi a fili, wanda ya fi iyawa ko ya fi girma yakan yi babakere, ya riƙa gaya wa kowa inda zai taka. A gidan da ba a musu da babba, wannan na iya mayar da yara 'yan kallo, a koma gidan jiya. Masu ƙirƙira sun nemi magani ta hanyar ɓoye wa kowa wani abu: a Hanabi na Antoine Bauza, wanda ya ci lambar Jamus a 2013, mutum yana ganin katunan kowa ban da nasa, don haka uba ma dole ya saurari ƙaramar 'yarsa.

A Nijeriya, kamfanin NIBCARD na Abuja, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, ya nuna ana iya ƙera wasannin allo a gida, har ya karɓi lambar Diana Jones a 2021. Mai son yin haka da Hausa ba zai rasa kayan aiki ba, amma zai tarar da wata sarƙaƙiya. Fitaccen jarumin Hausawa ɗan kaɗaici ne mai wayo. Gizo ba ya raba ganima, Alhaji Imam da Malam Zurƙe kuwa ramuwar gayya ce ta haɗa su. Mafi kusa da darar haɗin gwiwa su ne tatsuniyoyin nan na abokan tafiya uku ko huɗu, wani mai gani nesa, wani maharbi, wani mai nutso, waɗanda ke haɗa baiwarsu su ceto 'yar sarki. Irinsu na cikin abin da Turawan mulki, su Frank Edgar da Tremearne da Rattray, suka tattara suka buga tsakanin 1911 da 1913. Sai dai ba a rufe su da murnar an tsira tare. Mai tatsuniya kan juyo ga yara ta tambaye su wanda ya fi cikin abokan, wanda ya cancanci a ba shi yarinyar, musu kuma ya kaure har barci ya kwashe su.