Sule da taro a rana: Gandhi a Landan

A ƙarshen watan Satumba na 1888, wani saurayi ɗan Indiya da bai cika shekara 19 ba ya sauka daga jirgin ruwa a tashar Southampton sanye da fararen kaya, ya duba bai ga kowa da irin shigarsa ba. Sunansa Mohandas Gandhi, kuma karatun lauya ya kawo shi Ingila. Mahaifinsa ya rasu tun 1885, wansa ne ya ɗauki nauyin tafiyar, dattawan zuriyarsu kuwa sun yanke hulɗa da shi saboda zai ƙetare teku. Ke nan da guzurin ya ƙare kafin karatu ya kammala, da ba shi da fuskar komawa gida.

Landan ba ta yi masa sassauci ba. 'Yan kwanakin da ya yi a otal ɗin Victoria sun ci fam 3, alhali kusan bai taɓa abincin otal ɗin ba, domin ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin nisantar nama da giya da mata. Lissafin kuɗin zamanin ba baƙo ba ne ga dattawan Nijeriya da suka riski kasuwa kafin zuwan naira a 1973: fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kuwa kwabo 12.

Sai dai ba haya ko abinci ne suka fara cinye kuɗinsa ba, son kamannin masu gari ne. Kamar yadda ya bayyana da kansa a tarihin rayuwarsa, ya ɗinka kwat ta fam 10 a titin Bond, ya sayi doguwar hula ta sule 19, ya biya fam 3 kuɗin koyon rawa, ya ƙara wasu fam 3 a kan gogen Turawa, sannan ya nemi malamin koyar da iya magana. Wata uku ya yi a wannan hali kafin ya tuna cewa ba zama ya zo yi ba. Baƙo a ƙasa mai tsada sau da yawa kunya yake biya wa kuɗi, ba buƙata ba.

Abin da ya cece shi ɗabi'a ce da bai saki ba ko a lokacin almubazzarancin: kowane dare yakan rubuta abin da ya kashe, har kuɗin mota da na kan sarki da na jarida, ya daidaita lissafi kafin ya kwanta. Littafin ya nuna masa inda kuɗi ke zurarewa. Ya bar gidan Turawan da yake biya ana ba shi kwana da abinci, ya kama ɗakuna biyu nasa na kansa. Da ya ga wani ɗalibi yana zaune a unguwar matalauta a ɗakin sule 2 a mako, yana rayuwa da burodi da koko na kwabo 2, sai kunya ta kama shi, ya tuna da wahalar wansa. Ya koma ɗaki guda na sule 8 a mako, ya sayi risho. Da safe ya dama kunun hatsi ya haɗa da koko, da rana ya ci a waje, da dare burodi da koko. Abincin yini ya tsaya a sule 1 da kwabo 3, wato sule da taro.

Kuɗin mota ma ya soke shi. Yakan zaɓi ɗaki inda zai iya takawa zuwa harkokinsa, har ya saba tafiyar mil 8 zuwa 10 a rana, kuma ya yi imanin cewa wannan tattakin ne ya kare shi daga rashin lafiya. Gidan abincin marasa cin nama da ya gano a titin Farringdon ya raba shi da yunwar watannin farko. Ƙin giyarsa kuwa har farin jini ya jawo masa a liyafar dole ta makarantar lauyoyi ta Inner Temple: kwalba biyu ake ajiye wa kowane mutum huɗu, don haka kowa na son Gandhi a teburinsa.

Da wannan dabara ya je Paris kallon babban baje-koli. Kwana bakwai ya yi, yana yawo a ƙasa da taswira a hannu. Amma can ma sha'awa ta rinjaye shi sau ɗaya: ya ci abincin rana na sule 7 a hasumiyar Eiffel, don kawai ya ce ya taɓa cin abinci a sama. Wannan kuɗin ya fi na abincinsa na kwana biyar a Landan.

An rantsar da shi lauya ranar 10 ga Yuni, 1891, kuma bayan kwana biyu ya hau jirgin komawa Indiya. Daga baya, yana Afirka ta Kudu, ya rubuta jagora ga ɗaliban ƙasarsa masu niyyar zuwa Landan, inda ya nuna cewa fam ɗaya a mako zai riƙe mutum. Ba a buga ta ba sai bayan rasuwarsa.