Ƙananan Ƙusoshin Tsohon Piyano

Tun kafin layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, mishan ɗin SIM sun riga sun zauna a Kwoi tun 1910. Amma jirgin ƙasa ne ya sa ɗauko kaya masu nauyi daga bakin teku ya zama abin yiwuwa, kuma piyano yana cikin mafi nauyinsu. Wanda ya buɗe murfin irin na wancan zamanin zai ga abubuwan da ba ya gane amfaninsu, har ya zaci wani kafinta ne ya yi ƙari.

Asalin injin da ke cikin piyano daga Italiya yake. Wajen 1700 Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a Florence, kuma babbar dabararsa ita ce ɗan katakon da ke tura guduma sannan ya zame gefe, domin gudumar ta bugi tsirkiya ta koma. Ba don zamewar nan ba, da gudumar ta danne tsirkiyar, sauti ya mutu. A 1821 Sébastien Érard ya ƙara wani ɗan hannu mai sifirin don a iya maimaita bugu da sauri.

A piyano na tsaye kuwa, za ka ga siririn ƙyalle rataye da kowace guduma, bakinsa da ɗan fata. Ba ado ba ne. Robert Wornum na Landan ya fito da shi, ƙyallen yana taimakawa wajen janyo guduma baya, kuma ya riƙe sassan idan an ciro injin gaba ɗaya.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ƙananan ƙusoshin tagulla a kan madannan hauren giwa. Gam ɗin da ake amfani da shi a da na fatar dabba ne, damina mai ƙarfi irin ta Kagoro tana sassauta shi, hunturu kuma ya busar da katako har haure ya ɓamɓare. Saboda haka kamfanonin Ingila suka riƙa kafe haure da ƙusa a piyanon da za su aika ƙasashe masu zafi, wani lokaci su ɗaure ulun guduma da waya.

Masu gyara, in kun ci karo da irin wannan piyano a majami'a ko tsohuwar makaranta, ku ɗauki hoton kowane sashe kafin ku kwance shi, kuma kada ku cire ƙusoshin nan.