Fasahohi Biyu da Suka Kori Madubi Daga Cikin Kyamara

Mu da muka koyi ɗaukar hoto a zamanin fim, darasin farko da maigida yake ba yaro shi ne na tsayuwa. Ka buɗe ƙafafu, ka manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ka kafa kyamara a goshi, ka riƙe numfashi, sannan ka danna a hankali. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, kuma ba ka sanin abin da ka ɗauka sai an wanke. In hoton amarya ya fito dishi-dishi, biki ya riga ya watse. Akwai kuma lissafin da kowa yake haddacewa: gwargwadon tsawon lens ɗinka, gwargwadon saurin da labulen kyamara zai buɗe ya rufe. Mai lens na milimita 300 bai kamata ya bar labule a buɗe fiye da kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa ba, domin lens mai jawo nesa yana girmama rawar hannu kamar yadda yake girmama abin da ake ɗauka.

Tsakanin 1994 da 2008 kamfanonin Japan suka shigo da abubuwa biyu: na'urar hana rawa, da kallon hoto kai tsaye a allon bayan kyamara. A lokacin mun ɗauke su a matsayin ƙarin jin daɗi. Ashe su ne za su kawo ƙarshen irin kyamarar da aka dasa su a ciki, wato DSLR, mai madubi.

Nikon ce ta fara sa na'urar hana rawa a wata ƙaramar kyamarar fim, Zoom 700VR, a 1994. Amma abin da ya taɓa masu sana'a shi ne lens ɗin Canon na milimita 75 zuwa 300 mai alamar IS, wanda ya fito a 1995. A cikinsa akwai wasu 'yan na'urori biyu masu jin juyawa, ɗaya na lura da sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. Suna aika saƙo ga wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa maganaɗisu ya gusar da wani rukunin gilasai a tsakiyar lens ɗin zuwa inda zai soke rawar. Kamar yarinya mai talla ce da faranti a ka: jiki na tafiya, wuya na gyarawa, kaya ba sa zuba. Ribar lens ɗin farko kusan mataki biyu ce, kuma kowane mataki ninki ne na lokaci. Hoton da sai da kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa zai tsaya, yanzu yana tsayawa da kusan ɗaya cikin 80. Nikon ta biyo baya a 2000 da lens ɗinta na milimita 80 zuwa 400 mai alamar VR.

Abin da ya sa Canon da Nikon suka sa na'urar a cikin lens a fili yake: a zamanin fim suka fara, kuma ba yadda za a riƙa girgiza fim a cikin kyamara. Da sensa ta maye gurbin fim, sai wata ƙofa ta buɗe. Minolta ta ce a bar gilashi inda yake, a motsa sensar kanta. Ta gwada haka a DiMAGE A1 a 2003, sannan a 2004, bayan haɗewarta da Konica, ta fitar da Dynax 7D, DSLR ta farko da ke hana rawa daga cikin jikinta. Duk lens ɗin da ka ɗaura mata, ko tsohon na zamanin fim ne, ya samu gata. Kamfanin bai daɗe ba, a 2006 ya bar sana'ar kyamara ya miƙa wa Sony, wadda ta ci gaba da dabarar a A100. A shekarar Pentax ta shigo da K100D da K10D, Olympus kuma da E-510 a 2007.

Nan aka rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu goyon bayan lens suna cewa tun kana leƙe za ka ga hoto ya natsu a idonka, kuma a dogon lens dabararsu ta fi ƙarfi, tunda sensa ba ta da filin da za ta yi dogon gudu. Masu goyon bayan sensa suna cewa sau ɗaya za ka biya, ba kowane lens da kuɗinsa ba, sannan sensa tana iya gyara murɗawar da kyamara ke yi idan ka danna da ƙarfi, abin da gilashi mai kewaye ba zai iya ba. A wajenmu gardamar ba ta yi nisa ba, domin Canon da Nikon ne suka cika kasuwa, su ake samun batirinsu da mai gyaransu. Na'urar ta iso hannun yawancinmu ne bayan 2007, lokacin da kamfanonin biyu suka sa ta a ƙaramin lens ɗin nan na milimita 18 zuwa 55 da ake haɗawa da kyamara mai rahusa.

Ta yi mana rana a ɗakin amarya mai ƙarancin haske, da wurin walima inda filasha ke damun mutane. Sai dai akwai iyakar da sabon shiga ba ya ganewa sai ya ƙona aiki: tana gyara rawar mai ɗauka ne kawai. In ɗan rawa ya juya, ko doki ya zabura a hawan daushe, labule mai jinkiri zai ba ka bango garau, shi kuwa wanda ka zo dominsa ya zama hayaƙi. Haka kuma wanda ke bin doki da kyamara daga hagu zuwa dama, na'urar tana ɗaukar wannan a matsayin rawa ta yi ta ja da shi. Shi ya sa tun 1997 Canon ta ƙara maɓalli na biyu a lens ɗinta na milimita 300, mai gyara sama da ƙasa kaɗai. Tsofaffin lens ɗin ma sai an kashe na'urar idan kyamara na kan ƙafa uku, in ba haka ba ta yi ta neman rawar da babu har ta haifar da ita.

Labarin allo ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ginin DSLR gaba ɗaya bai yarda da shi ba. Haske yana shigowa ta lens ya tarar da madubi a karkace, madubin ya tura shi sama zuwa tagar leƙe. Sensa tana can baya cikin duhu, ba ta ganin komai sai a ƙiftawar da madubi ya ɗaga, labule ya buɗe. Shi ya sa a farkon shekarun 2000 mai ƙaramar kyamarar aljihu yake kallon allo yana ɗauka, kai mai babbar kyamara ba ka iyawa. Sau da yawa a wurin biki baƙo zai karɓi kyamararka ya riƙe ta nesa da fuska, ya ce allon bai kawo ba.

An fara taɓa abin a hankali. Fujifilm S3 Pro ta 2004 tana nuna hoto baƙi da fari na daƙiƙa 30 kacal. Canon 20Da ta 2005 an yi ta ne domin masu ɗaukar taurari, waɗanda ke buƙatar saita fokas a kan ɗigon haske. Wadda ta fara yin abin sosai ita ce Olympus E-330 ta 2006, mai allon da ke lanƙwasawa da hanyoyi biyu: ko wata ƙaramar sensa ta biyu da aka ɓoye a hanyar tagar leƙe ta riƙa nuna hoto, ko a ɗage madubi babbar sensa ta yi aikin. A 2007 manya suka shigo, Canon da 1D Mark III da 40D, Nikon da D3 da D300.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Na'urar da ke saita fokas cikin sauri tana ƙasan akwatin madubi ne, kuma ta wani ƙaramin madubi da ke bayan babban take samun haske. Ka ɗage madubi, ka makantar da ita. Kyamarorin farko sai su sauke madubi su saita, allo ya yi baƙi, su sake ɗagawa, ƙwas-ƙwas kamar ana ɗaukar hoto alhali ba a ɗauki komai ba. Ɗaya hanyar ita ce lens ya yi ta gaba da baya yana lalube har sensa ta ga hoto ya yi kaifi, kafin nan ango ya gaji da murmushi. Ga shan batir, ga zafi da sensa ke ɗauka, ga allon da ba ya ganuwa a ranar bazara. Manyanmu suka ce wannan na 'yan koyo ne. Masu hoton kaya da na situdiyo kuwa suka gane amfaninsa da wuri, domin ana iya girmama hoto sau goma a allo a saita fokas a kan ƙwayar ido.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Sensar da ke iya aika hoto zuwa allo ba tsayawa, ai bidiyo take yi, saura kawai a adana. A watan Agusta 2008 Nikon D90 ta zama DSLR ta farko mai ɗaukar bidiyo. Wata guda bayan haka Canon ta sanar da 5D Mark II, mai sensa girman fim da cikakken bidiyo na layi 1080. Wani mai ɗaukar hoto, Vincent Laforet, ya yi ɗan gajeren fim da ita mai suna Reverie tun kafin ta shiga kasuwa, kuma a 2010 aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin House na Amurka da ita. Fuska ta fito garau, baya ya narke, irin hoton da a da sai kyamarar silima mai tsadar gaske.

Wannan ne ya sauya sana'armu a gida. A da mai hoto daban, mai bidiyo daban da kyamararsa a kafaɗa. Cikin 'yan shekaru mutum ɗaya ya koma yin duka biyun, kuma masu shirya finafinan Hausa da masu bidiyon waƙa suka rungumi 5D da 7D na Canon da ƙannensu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: 5D Mark II tana tsayawa bayan kamar minti 12 idan fayil ya kai gigabait huɗu, sautinta ba abin dogaro ba ne, fokas kuma da hannu ake ja. Rawar hannu ma ta dawo da sabon salo, domin a bidiyo ba ƙiftawa ɗaya ake son hoto ya tsaya ba. Lens mai hana rawa ya ƙara daraja, daga baya gimbal, mariƙin da ke daidaita kyamara, ya shigo.

Daga nan kamfanoni suka duƙufa kan matsalar fokas, suka dasa na'urar saita shi a jikin sensar kanta. A Canon 70D ta 2013 kowane ɗigon sensa an raba shi biyu, yana ɗaukar hoto yana kuma auna nisa. Da haka ta samu, madubi ya rasa babban aikinsa. Dama tun 2008 Panasonic ta fitar da G1 wadda ba ta da madubi sam, tagar leƙenta ƙaramin allo ne. A irin wannan kyamara tsohuwar gardama ta mutu, tunda abin da sensa ke gani shi ido ke gani, ko ina aka sa na'urar hana rawa za ka ga hoto ya natsu. Olympus E-M5 ta 2012 ta kai gyaran zuwa fuskoki biyar, Sony ta kawo shi babbar sensa a A7 II a 2014. Nikon ta sallama ta sa hana rawa a jikin kyamara a 2018 da Z6 da Z7, Canon a 2020 da R5 da R6, inda lens da sensa suke aiki tare har ana maganar mataki takwas. A 2020 ɗin ne kuma manyan DSLR nasu na ƙarshe suka fito, 1D X Mark III da D6. Pentax ce ta tsaya a kan madubi.

A can an rufe babin, a nan kuwa yanzu kasuwar ta buɗe. Kyamarorin da Turawa ke ajiyewa su ne ke shigo mana a matsayin Beljiyam, da farashin da yaro mai tasowa zai iya tarawa, kuma za su ci abinci a bukukuwanmu shekaru masu yawa. Don haka sanin wannan tarihi kuɗi ne. Duk yaron da ya zo min da maganar sayen ta hannu, nakan tambaye shi aikin da zai yi. In hoto ne zalla, tsohuwar 5D Mark II har gobe tana fitar da mutum kunya. In bidiyon biki zai haɗa shi kaɗai ba mai ja masa fokas, kada ya sayi Canon da ta girmi 70D, ko da 60D ta fi araha, domin shekara ukun da ke tsakaninsu ita ce bambancin allon da ke bin fuska da wanda ke lalube. Kuma kafin ya biya kuɗin lens, ya kunna na'urar hana rawa ya kara a kunne, ya leƙa ya gani: in hoto na tsalle ko ana jin ƙarar kakare, ya ajiye musu kayansu.