Maƙabartar Bayi da Aka Manta a Gundumar New York

Duk wanda ya ziyarci Manhattan, watau gundumar New York ta ƙasar Amurka, zai ga tsohuwar maƙabartar cocin Trinity a tsakanin dogayen benaye. A nan ne aka binne Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, a 1804. Amma fa ba kowa ne ya sami kwanciya a wurin ba.

A shekarar 1697 aka hana binne baƙar fata a harabar cocin. Saboda haka bayi da 'yantattu 'yan asalin Afirka suka riƙa kai mamatansu wani kwari a bayan gari. An ƙiyasta mutum 15,000 aka binne a can kafin a rufe wurin a 1794. Daga baya aka cike kwarin da ƙasa, aka yanka filaye, aka yi gine-gine a kai.

To, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A 1991, ana haƙa harsashin wani ofishin gwamnatin tarayya a titin Broadway, sai ga kaburbura. Aka tono ƙasusuwan mutum 419. Da baƙaƙen fata suka yi ca, aka dakatar da tonon, aka kai ƙasusuwan Jami'ar Howard. Bincike ya nuna kusan rabinsu yara ne, manyan kuwa aikin wahala ya bar musu tabo har a ƙashi.

A 2003 aka sake binne su cikin akwatunan da aka sassaƙa a Gana, a 2006 kuma gwamnati ta mai da wurin abin tarihi na ƙasa. Sunan Hamilton yana nan rubuce a kabarinsa, amma waɗannan bayin Allah har yau ba a san sunan ko ɗayansu ba.