Allura daga Sin, lantarki daga Faris

Masu tallar tsira allura da lantarki don ciwon suga suna yawan buɗe zance da cewa magani ne na shekaru 2000. Maganar tana da rabin gaskiya. Tsira siraran allurai a wasu wurare na jiki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Sin, kuma littafin Huangdi Neijing, wanda aka tattara kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi bayaninta. Har ya ambaci wata cuta mai suna xiaoke, mai sa ƙishirwa da rama, wadda ya danganta da cin maiƙo da kayan zaƙi. Amma wayar da ake maƙala wa allurar, da ɗan akwatin batir mai sa tsoka ta riƙa motsi, ba su da wannan tsufa, ba ma a Sin aka haife su ba. Kuma sai a baya-bayan nan aka waiwayi ciwon suga da su. Don haka da awon asibiti ya kamata a yi musu hukunci, tunda furfurar da ake jingina musu ta aro ce.

Labarin allurar ya isa Turai ta hannun Willem ten Rhijne, likita ɗan Holan da ya zauna a Japan, ya buga littafinsa a Landan a 1683. Turawa sun karanta, sun ajiye. Sai da Volta ya ƙera batirinsa a 1800, likitoci suka shiga gwada lantarki a kan kowace cuta, sannan Louis Berlioz, likita Bafaranshe, ya rubuta a 1816 cewa wutar za ta iya ƙara wa allura ƙarfi. A 1825 wani likita mai suna Sarlandière ya fitar da littafi guda a Faris kan haɗin nan, yana amfani da shi kan ciwon gaɓoɓi da na jijiya. Abin mamaki, shekara 3 kafin haka, a 1822, fadar sarkin Sin ta cire tsira allura daga makarantar likitocinta. Wato lokacin da Faris ke jona mata wuta, a gidansu korar ta ake yi.

Gwamnatin Mao ce ta farfaɗo da ita a shekarun 1950, saboda ƙasa ce mai ɗimbin jama'a da ƙarancin likitoci, ga allura da arha. A 1958 aka fara tiyata a Shanghai da allura a madadin maganin kashe zafi. A nan lantarki ya sami gindin zama, kuma dalilin na aiki ne kawai: ba mai iya tsayawa yana murza allura da yatsu awa biyu ko uku ba tare da hannu ya gaji ba, amma na'ura ba ta gajiya. Rahoton James Reston a jaridar New York Times a 1971, bayan an yi masa tiyatar afendis a Bejin an kuma rage masa ciwon ciki da allura, shi ya kai zancen Amurka. Han Jisheng na jami'ar likitanci ta Bejin, wanda ya soma bincike a 1965, ya nuna daga baya cewa bugun wuta sau 2 a daƙiƙa da bugu sau 100 suna sa jiki ya saki mabambantan sinadaran kashe zafi. Duk wannan tarihi na zafi ne, suga bai shigo ciki ba.

Za a ce to ai wuraren da ake tsirawa na Sin ne, kuma magabata sun yi wa masu xiaoke allura. Haka ne, akwai tsofaffin littattafai da suka lissafa wuraren. Amma Sun Simiao, babban likitan ƙarni na 7, ya yi gargaɗi ƙarara cewa wanda cutar ta wuce kwana 100 a jikinsa kada a tsira masa allura, kada a yi masa ƙuna, domin wurin zai zama gyambo mai zubar da ruwa ba ƙaƙƙautawa har ya kai ga halaka. Mutumin ya lura da abin da kowace ma'aikaciyar jinya ta sani yau, cewa rauni ba ya saurin warkewa a jikin mai suga. Mai kafa hujja da magabata, ya haɗa da wannan magabacin.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa asali ba ya hana magani aiki. Na yarda, kuma akwai abin dubawa. A 1999 masu bincike a Taiwan suka buga a mujallar Diabetologia cewa wuta a wurin da ake kira Zhongwan, tsakanin cibiya da ƙahon zuci, ta saukar da suga a jinin ɓeraye, amma ba ta yi haka ba ga ɓerayen da jikinsu ya daina samar da insulin. Wannan kaɗai ya fitar da masu nau'in ciwon na farko daga lissafi: tun da aka fara yi wa ɗan adam allurar insulin a Toronto a 1922, ba abin da ya maye gurbinta. Ga masu nau'i na biyu kuwa, akwai bayani mai sauƙi da ba ya buƙatar tsohuwar taswirar jiki. Tsoka idan tana motsi tana zuƙar suga daga jini ko da insulin ya yi ƙaranci, kuma wutar motsa tsoka take yi, kamar yadda tafiyar ƙafa ke yi kyauta. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane galibi ƙanana ne, na 'yan makonni, ga wahalar yin allurar bogi don kwatance, tunda wanda aka jona wa wuta yana jin ta. Inda alamun suka fi ƙarfi shi ne rage zogi da raɗaɗin ƙafa na lalacewar jijiya, wato fagen zafi da sana'ar ta girma a ciki tun daga Faris.

Sin kanta ta nuna inda ta dogara. A 1980 masu ciwon suga a can ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, zuwa 2021 an ƙiyasta manya kusan miliyan 140. Binciken da ya fi fito da sunanta a wannan fanni shi ne na birnin Da Qing, wanda aka fara a 1986 da mutum 577 masu alamun kamuwa, kuma abin da aka gwada gyaran abinci ne da motsa jiki. An bi su shekaru 30, aka tarar waɗanda aka sa a tsarin sun yi jinkirin kamuwa, ciwon zuciya ya ragu a cikinsu. Asibitocin ƙasar suna da sassan tsira allura har yau, amma mai suga da ya shiga can yana riƙe da katinsa na metformin ko insulin, kuma likita mai hankali yakan duba ƙafarsa da kyau kafin ya kusanto da allura.