Daga Duwatsun Birnin Kudu Zuwa Akwatin Gurza Sautin Jita

A shekarar 1955 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya nazarci wasu duwatsu a Birnin Kudu, daura da kogon dutsen da mutanen dā suka zana shanu a jikinsa. In an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse, sai su yi amo kamar ƙararrawa. Ashe mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin yadda ake fitar da sauti daga abin da ke kusa da hannu.

Sai dai kunnen Bahaushe bai tsaya ga tataccen sauti ba. Mai ganga a bukukuwan Birnin Kudu da Gwaram yana ɗaura tsirkiya a kan fata don ta riƙa zuga, mai garaya kuma yana maƙala ƙarfe mai zobba a bakin sandarta. Da gangan ake neman wannan kaushi, domin shi ke motsa jini.

Turawa kuwa tsautsayi ne ya kai su gare shi. A birnin Nashville na Amurka na'ura ta samu matsala ana cikin ɗaukar wata waƙar Marty Robbins da ta fito a 1961, jitar Grady Martin ta yi gurnani, jama'a kuma suka so shi. Injiniya Glenn Snoddy ya haɗa ɗan akwati mai taransista da ke kwaikwayon lalacewar: yana ƙara wa sauti ƙarfi har ya wuce kima, sannan ya datse kansa. Kamfanin Gibson ya fitar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone, makaɗi na kunna shi da ƙafa. Fuzz Face ya biyo baya a Landan a 1966, Jimi Hendrix ya ɗaukaka shi. Daga 1994 Bill Finnegan ya riƙa haɗa akwatin Klon Centaur da hannunsa, guda wajen 8,000, waɗanda yau ake saye da dubban daloli.

Sautin ya iso Najeriya a shekarun 1970 ta hannun ƙungiyoyi irin su Ofege da BLO. A Nijar, Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya zaga duniya da shi.

Tsofaffin akwatunan nan sun samu masu adana su. Namu masu sassaƙa ganga da garaya su ma sun cancanci a ɗauki aikinsu a rubuce da faifai tun suna raye.