Gyare-gyaren noma da Yukren ke yi domin shiga Tarayyar Turai

A ranar 23 ga Yunin 2022, watanni huɗu bayan Rasha ta afka mata da yaƙi, Tarayyar Turai ta bai wa Yukren matsayin ƙasa mai neman shiga ƙungiyar. An buɗe tattaunawa a hukumance ranar 25 ga Yunin 2024. Noma na cikin fannonin da suka fi wuyar sha'ani a wannan tattaunawa, domin Yukren na da filayen noma kimanin hekta miliyan 41, fiye da kowace ƙasa da ke cikin ƙungiyar, har da Faransa.

Gyaran da ya fi girma ya shafi mallakar ƙasa, kuma ya riga neman shigar. Tun daga 2001 doka ta haramta sayar da gonaki. Miliyoyin mutanen karkara da aka raba wa gonakin haɗin gwiwa na zamanin Tarayyar Sobiyat ba su da yadda za su yi da rabonsu sai dai su bayar da haya ga manyan kamfanoni, galibi da araha. Majalisar dokoki ta ɗage haramcin a 2020, aka fara cinikin gonaki ranar 1 ga Yulin 2021, inda ɗan ƙasa ke iya sayen hekta 100. Daga Janairun 2024 aka ƙyale kamfanonin cikin gida su mallaki har hekta 10,000. Baƙi kuwa ba su da wannan dama sai an yi ƙuri'ar raba gardama. Wannan sharaɗi ya saɓa wa dokar ƙungiyar ta sakin hanya ga jari, ko da yake akwai mafita: da Polan ta shiga a 2004, an ɗaga mata ƙafa na shekara 12.

Sauran aikin ba ya jan hankalin jama'a, amma shi ne mai cin rai. Kafin manomi ya karɓi tallafin ƙungiyar, dole ƙasarsa ta kafa hukumar biyan kuɗi da aka tantance, da rajistar da ke nuna kowace gona da mai noma ta. Yukren ta buɗe rajistar manoma ta intanet a 2022. Haka kuma wajibi ne a daina amfani da magungunan feshi da ƙungiyar ta haramta, a sanya wa dabbobi lamba, a faɗaɗa kejin kaji. Babban kamfani zai iya ɗaukar wannan nauyi. Iyalin da ke da saniya biyu suna sayar da madara, su ne abin zai fi matsa wa.

Sai batun kuɗi. Tsarin noma na bai-ɗaya na ƙungiyar ya samu kusan Yuro biliyan 387 na shekarun 2021 zuwa 2027, wato kimanin kashi ɗaya bisa uku na kasafinta, kuma yawancin tallafin bisa faɗin gona ake biyan sa. Idan ba a sauya lissafin ba, Yukren za ta kasance cikin masu kaso mafi tsoka, rabon wasu kuma ya ragu.

Manoman maƙwabta sun riga sun nuna inda suka dosa. Bayan an janye harajin shigo da kayan Yukren a 2022, farashin hatsi ya faɗi a kasuwanninsu. A Afrilun 2023 Polan da Hangari da Sulobakiya da Bulgeriya suka hana shigo da hatsin, daga baya manoman Polan suka tare hanyoyin kan iyaka da taraktoci. A 2024 ƙungiyar ta ƙayyade yawan sukari da ƙwai da naman kaji da masara da zuma da za su shiga ba tare da haraji ba.